Nauyin Mota Ba Ya Sha Mata Kwana

Akwai wata magana da mu ke yawan ji duk sa'ad da aka fito da ɗaya daga cikin manyan motocin nan na da, ko ran salla, ko wajen ɗaurin aure, ko ranar naɗin sarauta. Jama'a su kan kewaye ta suna kallo, wani ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa ya ji amon ƙarfe, sa'an nan ya juya ya ce, "Kun ga mota! Irin wannan kome gudun da ta shiga kwana da shi ba ta gezau, don nauyinta ya danne ta a ƙasa." Sauran mutane su ce, "Ƙwarai kuwa." Mu dai mun ce ba haka ba ne. Da a ce maganar a bakin 'yan kallo ta ke tsayawa, da ba mu ɓata takarda a kanta ba. Amma ta kan kai har kunnen wanda za a miƙa wa mabuɗi, shi kuwa rayukan mutane zai ɗauka. Saboda haka muka ga ya kamata mu baje ta a faifai gaban malaman makaranta da akawuna, waɗanda su ne a kan tambaya in gardama ta tashi a zaure.

Motocin da mu ke nufi su ne waɗanda aka ƙera a Amurka da Ingila da Jamus tun daga ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa wajen 1970, domin sarakuna da shugabanni da attajirai. Cadillac ta 1959 tsawonta inci 225 ne, watau ƙafa 18 da inci 9, nauyinta kuwa ya haura tan 2, babbar yayarta mai suna Fleetwood 75 kuma ta wuce ƙafa 20. Rolls-Royce Silver Cloud, wadda aka fara ƙerawa a 1955, wajen tan 2 ce, Phantom V ta 1959 ta kusa ƙafa 20. Mercedes-Benz 600, wadda aka fara nunawa a 1963 aka yi ta ƙerawa har 1981, nauyinta wajen tan 2 da rabi ne. In an gwada su da Toyota Corolla ta yau, mai tsawon wajen ƙafa 15, wadda ba ta kai tan 1 da rabi ba, sai a ga dalilin da ya sa su ke cika ido. Kaɗan daga irinsu sun shigo ƙasar nan tun zamanin En'e, wasu an sayo su daga baya don sha'awa, har yau kuwa akwai masu rai a garejin wasu gidajen sarauta da na masu hali.

Lissafin Kwana

Bari mu fara da abin da ke samun kowace mota, babba da ƙarama, in ta zo kwana. Duk abin da ke tafiya miƙewa ya ke so ya yi, ba ya juyawa sai an tilasta shi. Wanda ya taɓa ɗaukar ƙwarya cike da nono ya juya da sauri ya san wannan, don shi ya juya, nonon kuwa ya miƙe ya zube ta gefe. Haka mota ta ke. Direba ya murɗa sitiyari, amma nauyinta duka yana nan yana neman ya ci gaba inda ya dosa. Abin da ke tilasta ta bin kwana wurare huɗu ne kaɗai inda roba ta taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba.

Ƙarfin da ke jan mota waje ba daidai da gudu ya ke ƙaruwa ba. In gudu ya ninka sau 2, shi sau 4 ya ke ninkawa, in gudu ya ninka sau 3, shi sau 9. Ga misali wanda kowane malamin lissafi zai iya bi da alli. Mu ƙaddara akwai kwana wadda in an cika zagayenta daga tsakiya zuwa baki yadi 100 ne, ga kuma mota mai nauyin laba 5,000. In ta shiga kwanar nan tana gudun mil 30 a sa'a, ƙarfin da ke janta waje wajen laba 1,000 ne. In mil 40 ta ke yi, ya zama wajen laba 1,800. In kuwa mil 60 ne, ya kai laba 4,000. To, mu ƙaddara kuma tayoyinta irin na da za su iya riƙe kashi 2 cikin 3 na nauyinta a busasshiyar kwalta, watau wajen laba 3,300. Kun ga a mil 30 tana da sarari mai yawa, a mil 40 da sauranta, amma kafin ta kai mil 60 riƙon ya ƙare, ta bar hanya. In ruwa ya sauka, ko yashi ya hau kwalta, ko hanyar burji ce, iyakar nan ta kan sauko ƙasa ƙwarai.

A nan ne masu maganar nauyi su ke kuskure. Gaskiya ne nauyi yana danne taya a ƙasa, ya ƙara mata riƙo. Abin da suka manta shi ne nauyin nan dai shi ne abin da a ke fama a juya. In aka raba nauyin motar misalinmu biyu, riƙon tayoyinta ya ragu da rabi, jan da a ke yi mata waje shi ma ya ragu da rabi, gudun da za ta ƙwace a kansa bai sake ba. Watau abin da nauyi ya ba mota da hannun dama ya karɓe da hagu. Har ma ya kan karɓi fiye da haka, domin halin roba ne in an ninka kayan da ke kanta riƙonta ya ƙaru amma bai cika ninki ba. A cikin kwana kuma nauyi ya kan tashi daga ƙafafun ciki ya koma kan na waje, abin da na waje suka ƙaru da shi ba ya biyan abin da na ciki suka rasa. Ashe in sauran abubuwa sun yi daidai, mai nauyi ce za ta riga ƙwacewa.

Tun Ran Gini Ran Zane

Kada mai karatu ya zaci maƙeran motocin nan ba su san aikinsu ba. Sun sani sarai, zaɓi suka yi. Mutumin da ya fi kowa buɗe wannan ilmi wani injiniya ne Bature mutumin Ingila, Maurice Olley, wanda ya yi aiki da Rolls-Royce, sa'an nan ya koma Cadillac a 1930. Ya gano cewa in ana so mota ta riƙa shawagi ba ta tsalle da na ciki, sai sifirin na gaba ya yi laushi ƙwarai. Sifirin mai laushi kuwa ba ya zama lafiya da sandar nan guda da ke haɗa ƙafafun gaba a motocin wancan lokaci, don sitiyari ya kan kama rawa. Saboda haka aka raba ƙafafun gaba, kowace ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. Motocin General Motors suka fito da wannan tsari a 1934, Rolls-Royce kuma ta ɗauke shi ta sa wa Phantom III a 1936. Daga nan laushin tafiya ya zama abin da manyan kamfanoni ke tsere a kai.

Masu saye ma abin da su ke so ke nan. Amurka ƙasa ce mai faɗi, biranenta da nisa tsakaninsu, hanyoyinta da yawa miƙaƙƙu, balle bayan 1956 da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka ratsa jihohi, waɗanda aka zana kwanoninsu da faɗi yadda ba sai an rage gudu sosai ba. Mai sayen Cadillac ko Lincoln so ya ke ya yi tafiyar yini ya sauka bai gaji ba. Mai sayen Phantom kuwa galibi ba ya ko taɓa sitiyari, yana baya a zaune, direba na tafe da shi a hankali cikin gari. Ba wanda ya biya kuɗinsa don ya yi tsere a kan dutse. An ba kowa abin da ya nema, farashin kuwa a kwana a ke biyansa.

Ga yadda a ke biya. Sifirin mai laushi ba ya hana jikin mota karkata, saboda haka da an murɗa sitiyari sai ta kwanta ta gefen waje kamar jaki da mangala ta rinjaya. In jiki ya karkata, ƙafar gaba ta waje ita ma ta kan karkata tare da shi, ta koma tafiya a kan kafaɗar taya maimakon tafinta, alhali a lokacin ita ce ke ɗauke da mafi yawan aikin. Ban da haka akwai jinkiri. Direba ya murɗa, jiki ya ɗauki lokaci kafin ya gama kwanciya, sa'an nan motar ta amsa. In kwana biyu ce a jere, ɗaya dama ɗaya hagu, jikin da ya kwanta nan zai taso ya faɗa can da ƙarfin da ya fi na fari. Shokazoba ita ce ke kashe wannan lilo, a motar da ta shekara 60 kuwa sau da yawa ta daɗe da mutuwa ba wanda ya lura.

Sa'an nan ga injin. Katon injin ƙarfe mai silinda 8 yana zaune a kan ƙafafun gaba, don haka gaba ya fi baya nauyi, tayoyin gaba su ke fara gajiya. Abin da direba zai gani shi ne ya murɗa sitiyari amma hancin motar ya ƙi shiga kwana yadda ya nufa, sai faɗaɗa zagaye ya ke yi yana dosar bakin hanya, tayoyi suna kuka. Ya ƙara murɗawa, ba ta ƙara juyawa ba. Da gangan aka gina su da wannan hali, don injiniyoyi sun ga ya fi sauƙin gyara ga direban da ba gwani ba, muddin akwai sauran fili: in ya sassauta totur a hankali, gudu ya ragu, hancin ya kan dawo. Masifa tana zuwa ne in ya firgita ya taka birki da ƙarfi. Ko dai ƙafafun gaba su daskare, sitiyari ya zama banza, motar ta miƙe cikin rami, ko kuwa nauyi ya zubo gaba, baya ya yi sako-sako ya juyo. Baya mai tsawon irin na Cadillac in ya fara juyowa, da wuya a tare shi.

Ƙafafun baya kuma a mafi yawansu sanda guda ce mai nauyi ta haɗa su, har a Silver Cloud da Phantom V. A kwalta mai sumul ba a ganin aibinta. Amma in ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko ta hau gargada a tsakiyar kwana, girgizar ta kan kai ga ɗaya ƙafar, bayan motar ya yi tsalle gefe. Duk wanda ya san hanyoyinmu bayan damina ya san ba a rasa rami a inda ba a so.

Taya, Sitiyari Da Birki

Tayoyin da aka haifi motocin nan da su ba irin na yau ba ne. A tayar da, zaren da ke cikin roba a gicciye aka saƙa shi, hawa bisa hawa, daga baki zuwa baki, saboda haka in gefenta ya lanƙwashe a kwana tafinta ma ya kan murɗe ya ɗaga. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, wadda aka ɗaura wa ɗamarar waya a ƙarƙashin tafi, gefe ya lanƙwashe amma tafin ya zauna daram a ƙasa. Amurka ta daɗe ba ta karɓe ta ba, don tana sa a ji ƙananan duwatsun hanya. Sai a Lincoln Continental Mark III ta 1970 aka fara sa ta a matsayin tayar da motar Amurka ke fitowa da ita daga masana'anta. Wata matsala kuma ta tsufa ce. Motar da ba a fitarwa sai sau 2 ko 3 a shekara tayarta ba ta cinyewa, zanenta na nan kamar sabo, amma robar ta bushe ta taurare, riƙonta ya tafi.

Sitiyari mai taimakon mai, wanda Chrysler ta fara sayarwa a Imperial ta 1951, ya sauƙaƙa juya mota mai tan 2 har da yatsa ɗaya. Sai dai a yawancin motocin Amurka an yi taimakon da yawa, har hannun direba ba ya jin abin da tayoyi ke ciki. A motar kirki, in riƙon gaba ya fara ƙarewa sitiyari ya kan yi sauƙi a hannu, direba ya farga. A waɗannan kuwa kullum da sauƙi ya ke, ba labarin da ya ke kawowa. A haɗa wannan da injin da ba ya ƙara, da jikin da aka toshe don kada a ji iska, da kujera doguwa mai santsi wadda direba ke zamewa a kai in mota ta karkata. Duk abin da ya sa tafiyar ta yi daɗi shi ne ya ɓoye wa direba yawan gudun da ya ke yi, mu kuwa a ganinmu wannan ɓoyewa ta fi kowane aibinsu haɗari.

Birkinsu galibi na ganga ne, watau takalma biyu da ke buɗewa su goga a cikin wani kwanon ƙarfe mai juyawa tare da ƙafa. Yana ci sosai a taka na fari da na biyu. Amma zafi ba ya samun hanyar fita da sauri, in an yi ta takawa ganga ta kan buɗe, takalman su yi santsi, tsohon man birki da ya sha ruwa kuma ya tafasa. Ku ƙaddara mota mai tan 2 da rabi, cike da mutane, tana gangara Hawan Kibo a hanyar Jos, direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Kwana ta farko lafiya, ta biyu lafiya, a ta huɗu ko ta biyar ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Silver Cloud da birkin ganga ta ƙare zamaninta, Lincoln ba ta sami birkin faifai a gaba ba sai 1965.

Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

Adalci ya wajaba mu faɗi cewa akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin haɗa daɗi da riƙon hanya tun a lokacin. Chrysler ta sake tsarin ƙafafun gaba na motocinta a 1957, ta sa sandunan ƙarfe masu murɗewa a madadin sifirin mai naɗi, Imperial ta shekarun nan kuwa ta yi suna wajen rashin kwanciya a kwana in an gwada ta da abokan gasarta. Jaguar Mark X ta 1961 ta zo da ƙafafun baya rababbu da birkin faifai. Mercedes-Benz 600 a kan jakunkunan iska ta ke zaune, da birkin faifai a ƙafa huɗu, direba kuma yana iya ƙara wa shokazoba tauri daga inda ya ke zaune. Citroën DS ta Faransa, wadda ta fito a 1955 tana tafiya a kan mai da iska, ita ce ta fitar da Janar de Gaulle daga kwanton ɓaunar da aka yi masa a Petit-Clamart ran 22 ga Agusta 1962, ko da ya ke harsashi ya fasa mata tayoyi. Rolls-Royce ma ta sake gini gaba ɗaya a Silver Shadow ta 1965, ta raba ƙafafun baya ta sa birkin faifai, amma ba ta daina shan suka kan laushin sitiyari ba sai da ta gyara shi a Silver Shadow II ta 1977. Duk da haka, ko mafi kyawun waɗannan ba ta kai motar haya ta yau riƙon kwana ba, balle yanzu da shekaru suka hau kanta.

Wani zai ce, "Ai iyayenmu sun tuƙa su shekara da shekaru ba abin da ya same su." Amsarmu ita ce direbobin da a kan irin waɗannan motoci suka koyi aiki, hannunsu ya san jinkirinta, ƙafarsu ta san iyakar birkinta, ba su kuma taɓa sanin wata mota da za ta gyara musu kuskure ba. Direban yau kuwa a kan motar da ke yafe laifi ya tashi. Tun 1978 Mercedes-Benz ta fara sayar da birkin da ke hana ƙafa daskarewa, a 1995 kuma ta fito da na'urar da ke jin mota ta fara zamewa ta taka wa ƙafa ɗaya birki da kanta kafin direba ya ankara. Yaron da ya saba da waɗannan ya kan shiga kwana da gudu ya taka birki a tsakiya ya fita lafiya, ya ɗauka gwanintarsa ce. Ran da aka ba shi motar kakan maigida, ba wanda zai gyara masa.

Wani kuma zai ce, "To, ko ta bar hanya ai ƙarfen da ne, ba ya lotsewa." A 2009 wata hukumar kamfanonin inshora ta Amurka mai suna IIHS ta gwabza Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba don gwaji. Ɗakin direban tsohuwar ya ruguje, na sabuwar ya tsaya. Kaurin fatar mota dabam, tsarin da ke kare na ciki dabam. Yawancin motocin da mu ke magana a kansu ba su da bel ɗin ɗaure ƙirji, wanda Volvo ta fara sawa a 1959, sandar sitiyarinsu kuma ba ta lanƙwashewa in an yi karo.

Akwai kuma abu biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, agogon gudu na motocin Ingila da Amurka yawanci mil ya ke ƙirgawa, mu kuwa yanzu da kilomita muka saba. Direban da ya ga allura a kan 60 ya ɗauka tafiyar hankali ya ke yi, alhali wajen kilomita 97 ya ke gudu a sa'a. Na biyu, tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, saboda haka motar Ingila mai sitiyari a dama ta kan ajiye direbanta a bakin hanya, inda ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce wata mota.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ba mu ce a jibge motocin nan a gareji ƙura ta cinye su ba. Kayan tarihi ne, aikin hannu ne wanda ba za a sake irinsa ba, ganinsu a kan hanya ran biki yana faranta rai. Roƙonmu shi ne a tuƙa su a kan abin da aka gina su dominsa. Direba ya gama rage gudu tun mota tana miƙe, kafin bakin kwana. Ya murɗa sitiyari sau ɗaya a hankali, ya ba jikin lokaci ya zauna, ya riƙe totur kaɗan yadda ba za ta ƙara gudu ba ba za ta rage ba, sai ya hango mafita sa'an nan ya ƙara. A gangare ya sa ƙaramar giya tun daga sama, injin ya riƙe motar, birki ya huta. Kafin ran biki kuma a ba shi ita ya zagaya da ita a fili ba kowa ciki, ya san halinta.

Mai mota shi kuma ya sa bakanike ya duba shokazoba da robobin ƙafafu da wasan sitiyari, a sake man birki, a duba shekarun tayoyi. Tayar da aka yi daga shekara ta 2000 zuwa yau tana da lamba 4 a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta kome kyan zanenta. Kada kuma a haɗa tayar radiyal da mai saƙar gicciye a ƙafafu biyu na gaba ko biyu na baya.

Ku kuma akawuna, ku ne ke rubuta takardar tafiya, ƙarfe kaza a tashi, ƙarfe kaza a isa. In kun auna lokacin da gudun motocin yau, sa'an nan aka sa tsohuwar mota a tsakiyar ayari, kun tilasta wa direbanta ya bi sawun waɗanda ba zai iya bi ba, ga na gaba suna nisa, ga na baya suna matsawa, ga kunyar a ce shi ya makarar da maigida. Ku ƙara masa lokaci a takarda, ku sa a yi tafiyar ayari duka a kan gudun motar da ta fi tsufa. In tafiyar mai nisa ce ko mai duwatsu, ku ba da shawara a kai ta a bayan babbar mota, a sauke ta a bakin gari. Malamai kuwa, lissafin nan na mil 30 da mil 60 bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Ku sa shi a allo, domin cikin yaran da ke gabanku akwai direbobin gobe da masu motocin gobe, wanda kuwa ya taɓa lissafa shi da hannunsa ba zai yarda in an ce masa nauyi ke riƙe mota a kwana ba.

Manyanmu da ke zama a kujerar baya su ma muna roƙonsu da ladabi, in sun ga direba ya rage gudu tun kwana tana nesa, kada su ce masa ya cika tsoro. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyashe mu sharrin ƙarfe, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.